Adashin Zane: Littafi Ɗaya Ya Zagaya Maradun, Mafara Da Bakura



Kafin mu yi nisa, ga ɗan aiki zan ba ka. Ɗauki wayarka ka rubuta "Maradun" a wurin bincike na Facebook ko Google, ka danna ɓangaren hotuna. Idan ka gama, ka goge ka rubuta "Talata Mafara", sannan "Bakura". Me ka gani? In ka cire hotunan 'yan siyasa da jerin gwanon motocinsu, abin da zai rage maka yawanci labarin hari ne, ko jana'iza, ko mutane ɗauke da ƙunshin kaya a ka suna gudun hijira.

Kuma fa ba ƙarya aka yi mana ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka kwashi mutane. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Duk wannan ya faru, kuma har yau akwai gidajen da ba su gama farfaɗowa ba.

To amma ka tambayi kanka wannan tambaya: jaririn da aka raɗa wa suna bana a Maradun, idan ya kai shekara ashirin ya so ya san yadda garinsu yake a zamaninmu, me zai tarar mun ajiye masa? A ajin aikin jarida ana koya mana cewa kafafen yaɗa labarai ba lallai su tilasta maka ra'ayi ba, amma su ke zaɓa maka abin da zai fara faɗo maka a rai duk lokacin da aka ambaci wani wuri. Yau in aka ce Zamfara, kowa ya san abin da ke fara faɗo wa mutumin Legas ko Abuja. Mu da muke ciki mun san akwai sauran magana. Akwai kasuwar Talata, akwai shinkafar Bakolori, akwai masunta, akwai mai shayin da ke kunna wuta tun kafin kiran assalatu. Sai dai wa ke adana waɗannan?

Shawarar da na zo da ita ƙarama ce, kuma ba ta buƙatar tallafin kowa. Mu sayi littafin zane guda ɗaya, mu riƙa miƙa wa juna shi daga gari zuwa gari, kowa ya zana abin da idonsa ya gani a inda yake, har littafin ya cika ya dawo hannun wanda ya fara. Na kira shi adashin zane, domin tsarinsu ɗaya da adashin da iyayenmu mata ke yi: kowa ya zuba nasa, kuma dole zagaye ya cika kafin a ce an yi.

Ba mu za mu fara ba

A shekarar 2000, wani mai zane a birnin San Francisco na Amurka ya fara sakin littattafai 1000 da babu komai a cikinsu. Wasu ya ajiye a wuraren taruwar jama'a, wasu ya aika wa mutane, da sharaɗin duk wanda littafi ya faɗo hannunsa ya zana ko ya rubuta wani abu, ya miƙa wa na gaba. Littattafan sun shiga ƙasashe da dama, amma kaɗan ne suka dawo gida. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 2007 kuma wani ɗan jarida mai zane, Gabriel Campanario, ɗan asalin Sifaniya da ke aiki a birnin Seattle, ya kafa ƙungiyar Urban Sketchers. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: ka je wurin da ƙafarka, ka zauna, ka zana abin da ke gabanka da gaskiya. Yau suna da rassa a birane da yawa na duniya, kuma cikinsu akwai ƙwararru akwai 'yan koyo.

Kada ka ce ai wannan harkar Turawa ce. A nan Najeriya, a 2009, mai ɗaukar hoto Emeka Okereke ya tara abokan sana'arsa suka shiga mota daga Legas har Bamako ta ƙasar Mali, suna tafe suna adana abin da suka gani a hanya. Ƙungiyar tasu, Invisible Borders, ta ci gaba da irin wannan tafiya tare da marubuta da masu shirya fim. A 2014 sun tashi daga Legas ta ƙasa har Sarajevo a Turai, a 2016 kuma suka zagaya cikin Najeriya kanta.

In ka ƙara matsowa gida, a Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka dage a kai shi ne, a koyi dabarun da malamai Turawa ke koyarwa, amma a zana abin gida da idon ɗan gida. A lokacin sa'o'inmu ne, ɗalibai ne kamar ni da kai. Yau ba a ba da tarihin zane a Najeriya ba tare da an ambace su ba.

Shi kuwa aikin haɗin gwiwa, ai mu ne gidansa. Duk wanda ya saurari marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya san waƙarsa ba muryar mutum ɗaya ba ce. Shi zai ɗauko, 'yan amshi su karɓe, su yi ƙari, su miƙo masa, har ka rasa inda nasa ya tsaya nasu ya fara. Haka gayyar noma take, haka kundin malam yake idan ya bi hannun almajirai, kowa ya bar ɗan rubutunsa a gefe. Abin da nake cewa mu yi shi ne wannan ɗin dai, amma da fensir.

Wa ya zana mu?

Akwai wani abu da ke sosa mini rai duk lokacin da aka zo maganar tarihinmu. Ɗaya daga cikin sanannun zanen birnin Kano na da, wanda aka hango daga saman Dala, ya samo asali ne daga littafin wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya shiga Kano a 1851, a 1853 kuma ya ratsa ƙasar Zamfara ta Zurmi a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Tafiya yake yana rubutu yana zane. Da ya koma gida aka buga labarin tafiyar cikin mujalladi biyar. Wato yau in kana son ganin kamannin wasu garuruwanmu shekara 170 da suka wuce, idon baƙo za ka ara.

Ga misali mafi kusa. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Ruwa ya shanye gonaki da matsugunai, aka tashi dubban mutane aka mayar da su sabon wuri. A watan Afrilun 1980, manoman da suka fito neman haƙƙinsu suka gamu da 'yan sanda, aka rasa rayuka. Je ka zauna da kakanka ko kakarka da suka ga wancan zamani, za su lissafa maka unguwanni da rijiyoyi da itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa yanzu. Amma ka ce su nuna maka, sai su nuna maka da baki. Ranar da Allah ya karɓi ransu, hoton ya tafi tare da su.

To irin wannan ɓacewar tana sake faruwa a gaban idonmu. Ƙauyuka nawa ka sani da mutanensu suka watse suka dawo cikin gari? Gidan ƙasa in ya rasa mai yi masa yaɓe, damina biyu zuwa uku ta ishe shi. Rumbuna suna rushewa, kasuwannin ƙauye suna mutuwa, yara suna tasowa a gidajen haya ba su san kamannin garin ubansu ba. Mai shekara ashirin da ya baro ƙauyensu yana ɗan shekara sha huɗu, har yanzu yana iya zana ƙofar gidansu da ka. Nan da shekara goma ba lallai ya iya ba.

"Ai muna da waya"

Na san abin da ke bakinka ke nan. Gaskiya ne, waya ta fi sauri, kuma ni ma da ita nake aiki. Amma tsakani da Allah, hotunan da ka ɗauka shekara biyar da suka wuce suna ina? Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an sace, wata ka goge komai don ka samu wurin sauke bidiyo. Ka kuma tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako. Makonni aka yi babu kira babu data. Wanda duk rayuwarsa ke cikin intanet, a lokacin ya ga iyakarsa. Littafi da fensir ba ruwansu da caji, ba ruwansu da sabis.

Sannan zane yana tilasta maka ka tsaya. Hoto daƙiƙa ɗaya ne ka wuce. Amma in za ka zana rumfar mai nama ko injin ban-ruwa, sai ka yi rabin awa kana kallo. A nan za ka lura da yadda aka ɗaure azara, da inda tsatsa ta ci, da facin da mai injin ya yi da robar taya. Kafin ka gama, mai wurin ya matso ya leƙa, hira ta ɓarke, ya ba ka labarin da ba zai taɓa ba mai ɗaga masa waya ba. Mu 'yan koyon jarida wannan darasi ne babba: mutane sun fi sakin jiki da wanda ya zauna.

Ga kuma zamanin da muka shiga, wanda manhaja ke ƙirƙiro hoton ƙarya cikin minti ɗaya a yaɗa shi a WhatsApp a ce a garinku ne. Shafin da mutum ya zana da hannunsa, ya sa kwanan wata da sunan wuri, ya sa hannu, kuma mutum tara suka riƙe littafin bayansa, shaida ce mai asali. An san wanda za a tambaya.

Maganar addini

Wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin da yawa cikinmu ita ce tambayar farko da za a yi mana a gida. Malamai da dama sun hana zana abin da ke da rai, kuma suna da hujjojinsu. Ba ni da matsayin da zan ba ka fatawa, ka tambayi malaminka. Abin da na sani shi ne, ya zo a ingantattun littattafan hadisi cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya gargaɗe shi a kan surar masu rai, ya kuma nuna masa cewa in dole sai ya yi, ya zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai.

Duba yawan abin da wannan ya bar mana. Masallacin Juma'a, tsohuwar kuka ta bakin kasuwa, kwalekwale a bakin ruwa, magudanan Bakolori, kwandunan tumatir, buhunan shinkafa, garma da lauje, tashar mota da safe, tukunyar mai ƙosai. Littafi goma ba zai ƙare su ba. Kuma zane ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Wa ke yin zayyanar allo idan yaro ya sauke Alƙur'ani? Wa ke zana hula kafin a ɗinka? Wa ke yi wa ƙwarya ado, wa ke fitar da dagi a fuskar soro? 'Yar uwa, ke da kike zana lalle a hannun amarya babu ko gogewa ɗaya, wallahi kin riga da yawa daga cikinmu iya riƙe layi. Littafin nan yana buƙatarki fiye da kowa, domin ke ce za ki shigar da shi tsakar gida da madafi da ɗakin kaka, wuraren da namiji baƙo ba zai taɓa leƙawa ba.

Maganar tsaro

A nan ne dole mu yi hankali, don wasa da wannan yana iya jawo asarar rai. A yankin da kowa ke tsoron infoma, saurayin da aka gani zaune yana kallon wuri yana rubuce-rubuce a takarda zai iya shiga uku kafin ya buɗe baki ya yi bayani. Saboda haka ban ce kowa ya saɓa jaka ya shiga daji ba. Ba ma iya yin irin tafiyar su Okereke a halin da muke ciki, kuma babu zanen da ya kai ranka daraja.

Dabarar ita ce littafin ya yi tafiyar, kai ka zauna inda aka san ka. Kullum mutane suna zirga-zirga tsakanin garuruwan nan: ɗalibin da zai koma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ɗan kasuwar da ba ya fashin cin kasuwar Talata, direban da muka saba ba shi saƙo a tasha, 'yar uwar da za ta je biki Bakura. Littafi ya bi su. Wanda kuma tafiya ta kama shi dama, zuwa Gusau ko Sakkwato ko Zariya, sai ya riƙe shi ya zana abin da ya gani a inda ya sauka.

Yadda za a tsara shi

Na farko, ku haɗu kamar mutum takwas zuwa goma, maza da mata, daga garuruwa daban-daban, waɗanda kuka san juna ko aka san iyayenku. Ku sayi littafi mai kauri, mai bango mai ƙarfi, ku samo masa leda saboda ruwa da ƙura. Kuɗinsa da na fensir ba su kai datar da muke ƙonawa a TikTok cikin wata guda ba.

Na biyu, ku naɗa uwar adashi. Mutum ɗaya ne zai riƙa sanin hannun wa littafin yake da ranar da zai fita. Kowa mako ɗaya, shafi biyu zuwa huɗu. Ka tuna littattafai 1000 ɗin can da kaɗan suka dawo? An sake su ne ga duk wanda ya tsinta, babu mai bin sawu. Namu amana ce tsakanin mutanen da suka san gidan juna.

Na uku, kowane zane a rubuta masa wuri da kwanan wata da sunan mai zane, a ƙara layi biyu ko uku na bayani, da boko ko da ajami. In dattijo ya ba ka tarihin wurin, ka rubuta, ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa.

Na huɗu, kafin ka zauna zane a waje, ka gaida mai wurin, ka nuna masa littafin, in da hali mai unguwa ya san da maganar. Kada a zana shingen jami'an tsaro, ko masaukin sojoji da askarawa, ko taswirar hanyoyin shiga gari, ko gidan wani mai hali. Wannan doka ce, babu sassauci.

Na biyar, kafin ka miƙa littafin, ka ɗauki hoton shafukanka ka tura wa uwar adashi. Ko a Amurka, wani ɗakin ajiya da ya tara dubban littattafan zane na jama'a ya yi asarar wani ɓangare nasu a gobarar da ta kama motar da ke ɗauke da su a 2022. In za ku ɗora a Facebook ko Instagram, ku bari sai littafin ya bar garin, kuma kada a sanar da inda zai nufa.

Na shida, ba a yaga shafin wani, ba a yi masa dariya. In na gabanka ya bar gefen shafi, kana iya ci gaba daga inda ya tsaya: shi ya zana kogi daga Maradun, kai ka ƙarasa shi da gonar da yake shayarwa a Bakura. A nan daɗin abin yake.

"Ni ban iya zane ba"

Wa ya iya tun daga ciki? Shafinka na farko zai karkace, rumbunka zai yi kama da tulu. Bar shi a haka. Wanda zai buɗe littafin nan a shekara ta 2050 ba maki zai ba ka ba, so yake ya ga yadda rumbun yake da inda yake. In kuma kana tambayar ina ribar, to ba zan yi maka alƙawarin kuɗi ba. Amma hannun da ya saba da fensir shi ne gobe ke zana tambarin shago, da bangon littafi, da samfurin ɗinki, da taswirar gini, kuma duk waɗannan sana'o'i ne da ake ci da su.

Ina kira ga malaman zane na makarantun sakandarenmu da ƙungiyoyin ɗalibai na Maradun da Mafara da Bakura da su ɗauki wannan. Idan littafi ya cika, a baje shi a ɗakin karatu ko harabar makaranta, a gayyato iyaye su gani. Ina mai tabbatar maka, ranar da wata tsohuwa ta ga ƙofar garinsu da ta baro a cikin shafi, za ka gane abin da ka yi ba wasan yara ba ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tura wa mutum tara da ka amince da su wannan rubutu, ku tsayar da rana, ɗayanku ya shiga kasuwa ya sayo littafin. Wanda ya fara, ya sanar da mu a wannan fili, mu ga shafin farko.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, ya mayar da kowa garinsu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.